Baƙin takalmin ma'aikaci: daga ina ya zo, kuma ina fatar akuyarmu take tafiya?

Yau kan takalmi za mu tattauna, takalmin nan baƙi sau-ciki da wasu ke kira suliye, ƴan uwanmu na Najeriya kuma ke ce wa kobashu. Kowace shekara in sakamakon kwankur ya fito, ko aka kira matasa istaj a banki ko a wata ma'aikata, kasuwar masu takalmi ta buɗe ke nan. A babbar kasuwar Maraɗi, a kasuwar Dole ta Damagaram, a Tawa, a Wadata ta Yamai, za ka ga saurayi riƙe da takalmi yana juyawa yana latsawa, yayansa na gefe yana taya shi ciniki. Sau da yawa kuɗin ma na rance ne, ko uwa ce ta sayar da akuyarta ta ba shi. Ba wanda ya rubuta masa a takardar kira cewa sai baƙi, amma duk mun san da wane iri ake shiga biro ranar farko. To daga ina wannan doka da ba a rubuta ba ta fito? Sanin tarihinta zai taimaka mana wajen zaɓe, ya kuma nuna mana wata asara da muke tabkawa ba mu lura ba.

Mu fara daga gida, don kada wani ya ɗauka Bature ne ya koya mana sa takalmi. Akwai wani matafiyi da ya tashi a birnin Fas na Maroko, sunansa Hasan al-Wazzan, Turawa na kiran shi Leo Africanus. An buga littafinsa kan ƙasashen Afirka a Italiya a 1550. Da ya zo kan Gobir ta wancan lokaci, cikin abubuwan da ya ambata har da masu ɗinkin takalmi. Ya kamanta takalman nasu da irin waɗanda Rumawan da suke sawa, ya kuma ce ana kai su Tambutu da Gawo ana sayarwa. Ku lura da kyau, kusan shekaru 500 ke nan, kakannin mutanen Tibiri suna fitar da takalmi ƙasashen waje.

Bayan shekaru 300, Bajamushen nan Heinrich Barth ya biyo ta Agadas a 1850, ya yada zango a Tasawa farkon 1851, ya wuce Katsina da Kano. Shi ma ya rubuta cewa takalman Kano na cikin manyan kayan da fatake ke ɗauka zuwa nesa, kuma jemammiyar fata da aka rina ja da karan dafi tana kaiwa har Tarabulus. Wani ɓangare na fatun da suka ƙetare Sahara ta tashoshin arewacin Afirka suka shiga Turai, shi ya sa Turawa suka laƙaba musu sunan fatar Maroko, alhali akuyar daga ƙasar Hausa ta fito.

Sana'ar tana da tsari. Majemi ya cire gashi, ya jiƙa fata cikin ruwan bagaruwa har ta jemu. Baduku ya karɓa ya yanka, ya rina, ya ɗinka. Baƙin launi ma muna da namu, wato kuloko, wanda ake haɗawa da ƙarfe. In ruwan ƙarfen ya taɓa fatar da ta sha bagaruwa sai ta rikiɗe ta yi baƙi ƙirin. Sai dai takalminmu na gargajiya yawanci buɗaɗɗe ne, fade ko sambatse, irin balka ɗin da har gobe ake yayi. Dalilin a fili yake. Ƙasarmu ta zafi ce da rairayi. Sannan mu mutane ne masu yawan tuɓe takalmi: a ƙofar masallaci, a fada gaban sarki, a gidan surukai, bakin tabarmar manya. Takalmin da za a zare cikin ƙiftawar ido shi ya dace da rayuwar da ladabi ke farawa daga ƙafa.

Yanzu mu leƙa Turai. Su ma can ba da baƙi suka fara ba. A fadar Lui na 14, sarkin Faransa da ya rasu a 1715, babban mutum yakan sa takalmi mai tsinin dunduniya, a shafa wa dunduniyar jan launi, a ɗora ƙarfen ado a gaba. Jar dunduniya alama ce ta cewa mai ita ɗan fada ne. Da juyin juya halin 1789 ya zo, aka fille kan sarki Lui na 16 da na manyan fadawa da dama, irin wannan ado ya koma abin da ake gudu. Ƙarfen azurfa na bisa takalmi ya ja baya, igiyar ɗauri ta maye gurbinsa.

A Ingila kuma wani ɗan gaye mai suna Beau Brummell, abokin yarima mai jiran gado, ya fito da sabon salo a farkon shekarun 1800: tufafi masu duhun launi, ɗinki daidai jiki, farar riga tas, takalmi baƙi mai sheƙi, ba tarkacen ado. Shi dai bashi ya kore shi daga Landan a 1816, ya mutu a Faransa a 1840 ba shi da ko sisi, amma salon nasa ya zauna daram. Masu banki, lauyoyi da akawuna suka rungume shi don yana nuna natsuwa da riƙon amana. Ga kuma wani dalili na zahiri: Landan ta lokacin hayaƙin gawayin kwal ya turnuƙe ta, tituna duk taɓo da kashin dawaki, baƙi kuwa yana ɓoye dauɗa. Daga nan aka raba aiki, baƙi na birni da wurin aiki, ruwan ƙasa na ƙauye da hutun ƙarshen mako. Kada ku ce tsohon zance ne. A 2016 wata hukumar gwamnatin Birtaniya mai bin diddigin yadda ƴaƴan talakawa ke samun ci gaba ta fitar da rahoto cewa a wasu manyan bankunan Landan ana iya ƙin ɗaukar matashi aiki don kawai ya zo ganawa da takalmi ruwan ƙasa. Ɗan masu hali ya san dokar tun daga gida, ɗan talaka ba wanda ya faɗa masa.

Cikin ƙarnin nan na 19 ne manyan ƙirori biyu da muke gani a kasuwa yau suka samu. Na farko shi ne wanda Ingilishi ke kira da sunan jami'ar Okusfod, don ɗalibanta ne suka yayata shi bayan sun gaji da dogon takalmi mai kaiwa ƙwauri. Faransawa na ce masa rishaliye. Alamarsa ita ce ɓangarori biyu masu hudojin igiya an ɗinke gindinsu a ƙarƙashin fatar gaba, in an ɗaure sai su haɗe ruf. Na biyu shi ne darbi, wanda ɓangarorin nasa ke kwance a bisa fatar gaba, suna buɗewa kamar kunnuwa. Amurkawa na kiran wani nau'insa da sunan Blücher, janar ɗin Jamusawan Furusiya da ya kawo wa Ingilishi ɗauki a yaƙin Watalu na 1815, inda aka karya Napoleon. Ana danganta ƙirar da takalmin sojojinsa. Har yau a ƙa'idar Turawa rishaliye baƙi marar zane shi ne ƙololuwa, darbi na biye masa.

Amma duk wannan da ya tsaya wajen masu kuɗi in ba don injuna ba. Har tsakiyar ƙarni na 19 da hannu ake ɗinka takalmi, kuma da yawa ba su da hagu da dama, ƙafa ce ke gyara su da tafiya. A 1858 wani Ba'amurke, Lyman Blake, ya ƙera injin da ke ɗinke ƙasan takalmi da samansa kai tsaye. Daga baya Charles Goodyear ƙarami, ɗan wanda ya gano dabarar ƙarfafa roba, ya yi rajistar injin wani ɗinki na daban. A wannan ɗinki ana zagaye takalmi da siririyar fata, a ɗinka ta jikin sama, sannan a ɗinka ƙasan a jikinta. Amfanin shi ne in ƙasa ya cinye sai a farke a sa sabo, saman bai san an yi ba. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa wajen zaɓe.

Aikin da ya gagari injin shi ne jan fata a ɗame ta bisa icen ƙirar ƙafa. Wanda ya warware matsalar baƙar fata ne, Jan Matzeliger, haifaffen Suriname a kudancin Amurka, da ya je garin Lynn na Amurka neman aiki. A 1883 ya samu rajistar injinsa. Gwanin ma'aikaci da hannu yakan gama kamar ƙafa 50 a yini, injin kuwa yana yin daga 150 har zuwa 700. Matzeliger ya rasu a 1889 bai kai shekara 40 ba, bai ci moriyar wahalarsa ba, sai a 1991 Amurka ta buga hotonsa a kan sarki na wasiƙa. A 1884 kuma aka yi rajistar jima da sinadarin kurom, wadda ta mayar da aikin makonni ya koma na kwana ɗaya ko biyu, fatar ta fito da laushi tana karɓar rini sosai. Man gogewa ma ya samu: a 1906 aka fara yin Kiwi a birnin Melbourne na Ostareliya, sojojin yaƙin duniya na farko suka yaɗa shi ko'ina. Da waɗannan abubuwa suka haɗu, baƙin takalmi mai sheƙi ya sauko inda ƙaramin akawu zai iya saye.

Lokacin nan ne kuma Faransa ke shigowa ƙasarmu. Sojojinta sun kama Damagaram a 1899. Zinder ta zama hedkwata daga 1911 har 1926 da aka mayar da ita Yamai. Mulkin kumandan yana bukatar masu taya shi: tafinta, akawu, malamin asibiti, mushen lakwal, ma'aikacin gidan waya. Manyan cikinsu a makarantar William Ponty ta Senegal aka horar da su, wadda ta zauna a tsibirin Gore daga 1913 kafin a mayar da ita Sebikotan. Can Bubu Hama ya yi karatu ya dawo malamin makaranta a 1929, can Diori Hamani da Djibo Bakary suka bi. Wanda ya fito irin wannan makaranta yakan dawo da wando, da kwat, da takalmi sau-ciki. A gari ko daga nesa aka hango shi an san mai albashi ne.

Takalmi a zamanin nan ya zama ma'aunin daraja. A Najeriya ta Ingilishi, sojojin baƙar fata na rundunar Afirka ta Yamma ba takalmi suke fareti, hafsoshinsu Turawa na cikin but, sai da yaƙin duniya na biyu ya zo aka raba musu. Sojojin Afirka da Faransa ta kwasa zuwa yaƙin Turai an ba su takalmi saboda sanyi da taɓon ramuka, kuma ƴan mazan jiya da suka dawo gida da shi suka dawo. Ga kuma karo da aka yi tsakanin ladabi iri biyu. A wajen Bature girmamawa ita ce ka cire hula ka bar takalmi. A wajenmu ka bar hula ka tuɓe takalmi. Talakan da aka kira gaban kumandan yakan tuɓe nasa tun daga ƙofa kamar yadda zai yi a fada, akawu kuwa ya shiga da nasa yana ƙwas-ƙwas. Wannan ƴar tazara ta raba mutanen gari ɗaya gida biyu.

Dokoki suka zo suka ƙara wa ma'aikaci ƙarfi. A 1946 aka soke dokar indijena da aikin tilas, aka ba mutanen ƙasashen renon Faransa matsayin ƴan ƙasa. A 1950 doka ta biyu mai sunan Lamine Guèye, ɗan majalisa daga Senegal, ta ce a daidaita albashi da alawus na ma'aikatan gwamnati ba tare da duba asali ba. Aljihun ma'aikaci ya ɗan yi nauyi, kantuna suka lura. Kamfanin da ya fi cin wannan kasuwa shi ne Bata, wanda Tomas Bata da ƴan uwansa biyu suka kafa a 1894 a garin Zlin, cikin ƙasar Cek ta yau. Ya kafa masana'anta a Rufisque kusa da Dakar, ya kafa a Najeriya, takalmansa suka cika kantunan Afirka ta Yamma. Iyayenmu da suka yi aiki a shekarun 1960 da 1970 sun san sunan kamar yunwar cikinsu.

Bayan ƴancin kai na 3 ga Agusta 1960 an samu wani sauyi mai daɗi. Manyan ma'aikata da ƴan siyasa da yawa suka koma babbar riga da hula, kwat da karabat suka rage na wasu lokuta. Amma takalmin bai tafi ba. Sai aka ga shadda ta sha aiki, a ƙasa kuma baƙin sau-ciki na ƙyalli, har ya zama kamar tare aka halicce su. Zamanin Seyni Kountché, daga 1974 zuwa 1987, kuɗin yuraniyom na Arlit ya faɗaɗa aikin gwamnati, kuma manya na ba da labarin yadda shugaban kan faɗo ma'aikata ba sanarwa don ya ga wa ya zo wa ya makara. Ma'aikacin lokacin yakan fito tsaf, masu goge takalmi kuma suka samu wurin zama a bakin ma'aikatu da akwatinsu da buroshi da gwangwanin siraj. Waɗanda suka je karatu Faransa suka dawo da sunan J.M. Weston, kamfanin garin Limoges da aka kafa a 1891, wanda mokasan ɗinsa marar igiya na 1946 ya zama abin alfaharin ƴan gayen Brazzaville da Kinshasa.

Sai ga Janairun 1994. Aka karya darajar sefa da rabi, faran ɗaya na Faransa da yake sefa 50 ya koma 100. Duk abin da ake shigowa da shi daga Turai ya ninka kuɗi a dare ɗaya, a daidai shekarun da ma'aikata ke bin gwamnati bashin albashi na watanni. Sabon takalmin kanti ya fi ƙarfin mushe da malamin asibiti. Kasuwar gwanjo, bosho inji mutanenmu, ta cika gurbin da diloli masu saukowa ta Kwatano da Lome. Takalman Aba na kudancin Najeriya suka shigo ta Kano da Katsina zuwa Maraɗi. Bayan Sin ta shiga ƙungiyar ciniki ta duniya a 2001, kayanta suka mamaye teburan kasuwa. Akwai masu kyau a ciki, amma akasarin masu arahar da ke iso mu roba ce da aka yi wa zanen fata aka liƙe da gam.

Nan ne abin takaicin yake. Jar akuyar Maraɗi, wadda a ƙetaren iyaka ake kira jar akuyar Sakkwato, fatarta na cikin waɗanda masu sana'ar fata na duniya suka fi yabo, saboda laushi da ƙarfi da kyan ido. Ana yin safar hannu da ita, da bangon littattafai masu tsada, da jakunkuna, da takalma masu taushi, da shafin cikin takalmi. Tun shekarun farko na ƴancin kai aka buɗe cibiyar kiwon wannan akuya a Maraɗi, aka kuma kafa masana'antar jima ta SONITAN, wadda daga baya ta durƙushe. Yau majemanmu na Gamkalle a Yamai, da na Damagaram, Tawa da Maraɗi suna nan suna fama, dukawa na ƙauyen masu sana'ar hannu na Wadata suna ɗinki mai kyau. Duk da haka fata mai yawa ɗanya take ƙetarawa Kano, a sarrafa ta rabi a masana'antun Sharaɗa da Challawa, a tura Italiya da Sifen, can a ƙarasa a ɗinka, ribar ta zauna can. Fatar shanu kuwa, wadda daga ta ɗan maraƙi ake yin saman rishaliye na gaske, wata ganda take zama a tukunya, wata kuma mun lalata ta da kanmu: tambarin wuta a tsakiyar jiki, yankan wuƙa wajen fiɗa, shanya a rana bisa ƙasa. Ga uwa ta sayar da jar akuya, ɗanta ya kai kuɗin ya sayo roba. Jikokin masu kai takalmi Tambutu ke nan.

To tunda dai sai an saya, me tarihin nan ke koya mana wajen zaɓe?

Na farko launi da ƙira. Mai kuɗin ƙafa ɗaya tak ya sayi baƙi, don yana shiga da kwat baƙa, shuɗiya ko ruwan toka, yana shiga da kaftani da babbar riga, ya je biro, ya je ɗaurin aure, ya je gaisuwar rasuwa. A nemi marar tarkace: ba ƙarfen ado, ba tambari ɓaro-ɓaro, ba dogon baki mai tsini da ke tanƙwashewa sama bayan wata biyu. Mai ƙyallin madubi da ake ce wa barni asalinsa na bikin dare ne, kuma zafinmu na fasa shi. Mai aikin banki, kotu ko hulɗa da baƙin waje, rishaliye ya fi masa. Mai faɗin ƙafa ko tudun ƙafa, kamar yawancinmu da muka tashi cikin fade da silifa, darbi zai fi ba shi sarari. Wanda kuma ke fita Azahar da La'asar daga wurin aiki, mokasan baƙi marar ado ba abin kunya ba ne. Ya fi a sayi mai igiya a riƙa take dunduniyarsa a ƙofar masallaci har ya koma silifa.

Na biyu fata. A latsa da yatsa: fatar gaske na yin ƙananan tamoji ta koma daidai, roba kuwa ta lotsa sumul. A shinshina. A duba bakin yanka ta cikin harshen takalmin: fata na da zare-zare kamar gashi, roba na da ƙyalle a manne bayanta. A leƙa shafin ciki, don in saman fata ne cikin roba, ƙafa za ta dahu cikin zafin Afrilu da Mayu da ke haura digiri 40, wari ya biyo baya.

Na uku ƙasa. A juya takalmin a nemi ɗinki. Wasu masana'antu na zana ɗinkin ƙarya a jikin roba, don haka a sa farce a ji ko zare ne. Mai ɗinkin zagaye irin na Goodyear, ko mai ɗinkin kai tsaye irin na Blake, mai gyaran takalmi zai iya canza masa ƙasa ya ƙara shekaru. Mai gam zalla kwalta mai zafi na ɗaye shi. In dai shi aljihu ya iya, a kai wa mai gyara ya zagaye shi da zare tun yana sabo. Ƙasan fata na da kyau a kan tayil, amma tsakuwa da ruwan damina na cinye shi, sai a sa masa siririyar roba. Masu sayen bosho su tanƙwara ƙasan da kyau, don akwai wata roba mai kumfa da ke ruɓewa in ta daɗe a ajiye, takalmi na sheƙi a tebur, kwana uku ya dagargaje a hanya. Amma tsohon takalmin fata mai ɗinki da ya sha kulawa ya fi sabuwar roba nesa ba kusa ba.

Na huɗu awo. Lambar Faransa da Italiya da muka saba da ita kowane mataki kashi biyu cikin uku na santimita ne. Lamba 42 tana daidai da 8 ta Ingila, kusan 9 ta Amurka, kuma kowane kamfani da irin icen ƙirarsa, saboda haka lamba ba ta isa shaida ba. A gwada da yamma lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, da safar da za a riƙa sawa, ƙafa biyun duka, a taka a zagaya. A bar sarari kamar faɗin yatsa a gaban babban ɗan yatsa, dunduniya kuma kada ta riƙa fita. In mai kaya ya ce zai buɗe, to fata na buɗewa kaɗan ta faɗi, ba ta ƙara tsawo.

Na biyar kulawa. A kakkaɓe ƙura da buroshi kafin a shafa siraj, in ba haka ba rairayi ake gogawa cikin fata. Lokacin hunturu iska na busar da ita har ta tsage, sai a riƙa ba ta mai. In ruwa ya jiƙa shi a cusa takarda a ciki a ajiye a inuwa, kada a kai rana ko bakin murhu. Mai hali ya yi ƙafa biyu yana hutar da ɗaya. Hausawa sun ce araha ba ta ado: wanda ya sayi mai arha sau uku a shekara ya fi wanda ya sayi nagari sau ɗaya kashe kuɗi.

Akwai kuma hanyar da ba mu cika tunawa da ita ba. A garuruwanmu akwai dukawa da masu ɗinkin takalmi da za su auna ƙafarka su yi maka sau-ciki da fatar gida. Gaskiya ne wasu ƙarasawarsu ba ta kai ta kanti ba, don ba su da icen ƙira na kowace lamba, ba su da injin ɗinkin ƙasa, fatar da ta jemu da kyau kuma tana musu wuyar samu. Waɗannan duk abubuwa ne da jari da horo ke magancewa, jari kuwa ciniki ke kawo shi. Jandarma, ƴan sanda, duwan da masu gadin kamfanoni duk baƙin takalmi suke sawa, kuma ana saye da yawa a lokaci guda. Da za a ware ko wani kaso na wannan oda a ba masu sana'ar gida, da sharaɗin inganci, da majemi ya samu, mahauci ya koyi fiɗa ba yanka, mai kiwo ya daina ƙona fatar dabbarsa da tambari a inda bai kamata ba.

Matasan da ke shirin kama aiki bana, Allah ya sa ku shiga a sa'a. Ku kuma da kuka san gwanin mai ɗinkin sau-ciki a Maraɗi, Damagaram, Tawa, Konni, Dogon Dutsi ko Yamai, ku faɗa wa na kusa da ku unguwar da yake, don ƙaninmu da zai sayi takalminsa na farko ya fara leƙawa can kafin ya wuce teburin roba.